Ƙusar Zauren Kawu

Ranar da muka kai Kawu makwancinsa, maganar da na fi ji ita ce, "Ya huta." Tun daga maƙabarta ake faɗinta har muka dawo ƙofar gida. Mai riƙe hannuna ya ce ya huta, mai dafa kafaɗata ya ce ya huta. Wani dattijo daga Jega, wanda rabonsa da gidanmu tun Kawu yana tafiya da ƙafafunsa, har ƙari ya yi: "Shi ya huta, ku ma kun huta." Na ce amin don ba a musu a zaman makoki, amma raina ya ɓaci, kuma har yanzu da nake wannan rubutu bai gama hucewa ba.

A cikin gida ma haka aka yi. Mata sun kewaye matarsa, wadda muke kira Inna, wata tana cewa ai Allah ya sauke mata nauyi, ta sha wanki shekara da shekaru. Inna ba mai yawan magana ba ce, ga ta cikin takaba, amma ƙanwata ta ce ɗagowa ta yi ta dubi matar.

"Ke kit taya ni wankin, da za ki aza mani gajiya? Shi bai ce ya gaji ba, ni ban ce na gaji ba."

Matar ta ja mayafinta ta koma gefe.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. A hannunsa na tashi a Aliero, yanzu ina ɗinki a Jega. Da na shiga zaure a yinin nan don in ɗauko tabarma, idona ya faɗa kan bango, wajen da gadonsa na katako yake. Akwai wata ƙusa a wurin, can ƙasa, ba ta fi taƙi ɗaya daga daɓe ba. A ranar babu ita. Sai ɗan ramin da ta bari. Ko tambaya ban yi ba, na san ƙanensa ne ya cire ta, wanda muke kira Ƙaramin Kawu. Na ce a raina, wato ko yini ba a yi ba har an fara share shi daga zauren. Saboda wannan ƙusa na ɗauki alƙalami, don wanda bai san labarinta ba bai san Kawu ba.

Gidanmu gidan ɗori ne. Wanda ya san Aliero ya san abu biyu ke kawo baƙo garin, albasa da karaya. Kawu shi ne babba, shi ya gaji zauren daga kakanmu, a nan ake shimfiɗe mai karaya a gyara shi. Yana da manyan yatsu masu kaushi, amma idan ya ɗora su a kan ƙafar mutum sai ya rufe ido, ya bi ƙashi a hankali har ya sami inda ya rabu. Dabararsa hira ce. Zai tambaye ka ko matarka ta iya miya, ko ruwa ya sauka a garinku, kana cikin ba shi amsa sai ka ji ƙas. Idan ka kurma ihu ya ce, "Yi abinka, ihu ba ya hana ƙashi kamawa." Ni kuwa ba ya kirana da sunana, sai dai Mai Almakashi. Yakan ce sana'armu ɗaya da shi, ni ina haɗa tsumma, shi yana haɗa mutum, bambancin kawai shi ba a dawo masa da aiki a ce ya yi gajere.

Da damina abin ya faru. An kira shi Kuberi, wata tsohuwa ta karye a ƙugu ba ta ɗaukuwa. Ya je ya gama, a hanyar dawowa babur ɗin kabu-kabun da ya ɗauko shi ya zame a bakin wata kwalbati, bayan Kawu ya daki gefen siminti. Waɗanda suka tsince shi suka naɗe shi a zaune a bayan mota suka nufo gida. Ba wanda ya yi zancen asibiti. Mutanen nesa ma nan suke kawo nasu, balle a ce maigidan ne da kansa ya karye.

Ina wurin. Aka kwantar da shi a tsakiyar zaure, inda ya kwantar da mutane ba iyaka. A lokacin yana iya motsa babban yatsan ƙafarsa, na gani da idona. Ƙaramin Kawu ya shafa bayan, ya ɗago fuskarsa duk zufa.

"Yaya, gadon baya na hwa."

"Ƙashi ƙashi na," in ji Kawu. "Ku kama. Na ce ku ja."

Suka kama, suka ja. Bai yi ihu ba. Sai ya ce, "Ku tsaya. Ina ƙahwahuna?"

Da fitsari ya ƙi fita, mara ta kumbura, dole aka kai shi babban asibiti. A can aka ce laka ce ta taɓu, wadda ke cikin ƙashin baya, kuma ba a ɗora ta. Likita ya ce ba mai iya rantsuwa ko a kwalbati ta lalace, ko a mota, ko a zaure. Kawu bai nemi rantsuwar kowa ba. Ya dawo gida da keken guragu, da robar fitsari a jikinsa, da ledar da fitsarin ke taruwa a ciki. Daga cibiya zuwa ƙasa ba ya jin komai, bayan gida ma ba ya yi masa sallama kafin ya zo.

Kafin ya dawo an gyara masa ɗaki a can ƙurya, kusa da makewayi. An yi shafe, an sa sabon labule. Ƙaramin Kawu ne ya tsara haka, kuma ba zan ce ba shi da hujja ba.

"Yaya, ka diba. Mutum ya taho tun daga nesa da karaya, ya ishe babban mai ɗori zaune da leda, mi za ya ce? Da sunan gidan ga muke ci. Ka zamna ciki, duk wanda yaz zo mu shigo mu ji shawararka."

Kawu ya bari aka kai shi ciki. Ya zauna a ɗakin har aka yi girbi, yana jin ihun masu karaya daga nesa, ba wanda ya shigo jin wata shawara. Rannan da rana tsaka, Inna ta shiga maƙwabta, keken yana waje an wanke shi. Sai ga mutum yana jan jiki da gwiwar hannu a tsakar gida, ya ciji igiyar ledar da haƙora don kada robar ta fizge. Ya ratsa ta gaban madafa, ya wuce turken awaki, yara suna kallo sun kasa motsi. Ya iso zaure duk ƙasa, gwiwar hannunsa tana jini, ga baƙi a zaune. Ya tofar da igiyar ya yi musu sallama kamar daga kasuwa ya dawo.

"A ɗauko man gadona. A kawo guduma da ƙusa."

Da hannunsa ya kafa ta. Ya yi ƙasa da ita ne don an gaya masa a asibiti ledar ba ta hawa sama da mara, idan ta hau fitsari ya koma ciki ya kawo ciwo. Ya rataye ledar, ya gyara hula, ya dubi mai karayar da ke kwance ya ce, "To, kai kuma mi as same ka?" Tun daga ranar bai sake yini a ɗakin ƙurya ba.

Ni ma na kawo tawa gudummawar. Na ɗinka masa wanduna masu tsaga a gefe, ya ji daɗinsu. Sai na ƙara da wata jaka ta shadda, har da aiki a baki, don a riƙa sa ledar a ciki. Ya juya ta, ya yaba ɗinkin, ya ce, "Mai Almakashi, hannunka ya faɗa." Sai ya zuba goronsa a ciki. Na ce ai ba don goro na yi ba. Ya ce ya sani.

"In na ɓoye ta, ƙaƙa zan ga launinta? Ran da tay yi duhu, ruwa nika buƙata. Ran da tad dame kamar kunu, zazzaɓi na tahe, sai a kira malamin asibiti. Ita ka hwaɗa man gaskiya. Kuma hitsari na, ba kayan sata ba na."

Wannan magana ta zama tasa. Duk baƙon da ya ga yana satar kallon ledar, sai ya ce masa, "Diba da kyau, malam, hitsari na, ba kayan sata ba na." Jakar shaddar nan har ya rasu goro ne a cikinta.

Kada wani ya ɗauka abin wasa ne. Na ga ranar da robar ta toshe, kansa ya yi kamar zai tsage, zufa tana zuba, muna jiran malamin asibiti daga Jega. Na ga gyambon da zama ya haƙa masa a ɗuwawu, wanda ya sa shi kwanciya rub da ciki har ya warke, kuma a zauren ya yi kwanciyar. Inna ke tashinsa da sassafe ta yi masa hidimar bayan gida, ta wanke shi, ta shafa masa mai, ta duba bayansa wurin da idonsa ba ya kaiwa. Duk da haka wata rana abin yakan kuɓuce. Na tuna wani yini zaure cike, har da wani Alhaji dillalin albasa da ya kawo ɗansa. Wari ya tashi. Kowa ya sunkuyar da kai, Alhajin ya kai hannun riga hanci. Kawu ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ni na. Kada ku zargi juna. Ku ba ni wuri kaɗan, in an gyara ni ku dawo, ƙahwar yaron ga ba ta gama ba."

Aka fita, aka gyara shi, aka dawo, ya ƙarasa ɗorin. Da yamma ina tura shi cikin gida na ga hawaye a gemunsa. Ya ce hayaƙin madafa ne. Gari na wayewa ya riga kowa isa zaure.

Masallacin Juma'a ma bai bari ba. Da ya ji ana ƙus-ƙus a kan najasa, bai aika kowa ba, a gaban jama'a ya tambayi liman ko mai lalura irin tasa yana da wuri a sahu. Liman ya ce yana da shi, ya tsabtace abin da zai iya, sauran Allah ya ɗauke masa. Kawu ya juya ya ce, "Kun dai ji, ba ni nac ce ba."

Babbar rigimarsa da ƙanensa a kan wani ɗan kabu-kabu ta tashi, magidanci daga Maiyama, wanda mota ta ture. Aka shigo da shi a tabarma, mahaifinsa na biye. Ya ce bayansa ne, ƙafafunsa kuma suna yi masa kamar ba nasa ba. Ƙaramin Kawu ya fara naɗe hannun riga, don tun bayan faɗuwar Kawu shi ke yin aikin ƙarfi. Kawu ya ce a matso da shi. Ya tsikari tafin ƙafarsa da tsinke, mutumin ya ɗan motsa.

"Kada wanda yat taɓa shi," in ji Kawu. "Wanga ba namu ba na. Asibiti za a kai shi, yanzu."

Mahaifin ya ce, "Malam, gidan ɗori munka zo. Da asibiti muka so, da mun wuce."

Ƙaramin Kawu ya ce, "Yaya, kakanninmu sun ɗora baya."

Sai Kawu ya miƙa hannu ya zare ledar daga ƙusa, ya ɗaga ta gaban tsohon, fitsarin yana kaɗawa a ciki.

"Ka ga wagga? Cikin zauren ga nis same ta. Da yatsana yana motsi anka shigo da ni, kamar ɗanka. Ni nac ce a ja. In kana son mai taya ni zama, ku ja shi."

Kawu ya sa aka ciro ƙyauren zaure, aka zura mutumin a kai a miƙe, aka tokare wuyansa da tsummoki, aka ɗaure shi da rawani, aka sa a bayan a-kori-kura. Mutumin nan yau yana sayar da shayi a Maiyama, yana tafiya da sanda. Ba duk wanda ƙyauren ya ɗauka ne ya dawo da ƙafafunsa ba, ba zan yi ƙarya don in ƙawata mamaci ba. Amma daga ranar ba a sake jan bayan kowa a zaurenmu ba. Ƙyauren kuwa ya fi ni zuwa asibiti, har muka gaji da mayar da shi, muka jingine shi a bango.

Ƙaramin Kawu ya ce an tozarta gidan a gaban baƙi. Ya daina cin tuwo da yayansa har aka yi sallah, kuma ko bayan sun shirya, bai taɓa zama a gefen da ledar take ba. Gaskiya ne wasu sun daina zuwa, ana cewa gidan da ya kasa ɗora maigidansa me zai ɗora. Amma wasu irin baƙi sun fara zuwa, waɗanda asibiti ta sallamo da keke da leda, ba su san yadda za su yi da kansu ba. Kawu ya koya musu abin da ya koya da jikinsa: a sha ruwa da yawa ko da ana ƙyamar cikar leda, a juya jiki kada a daɗe a gefe ɗaya, a wanke hannu kafin a taɓa roba, kada a bar ta ta wuce lokacin canji don jin kunyar malamin asibiti.

A cikinsu wanda ya fi shiga ransa wani manomi ne daga Andarai, da ya faɗo daga itacen ɗorawa. Labari ya zo cewa tun da aka dawo da shi bai ga rana ba, yana ɗaki, ya hana ko 'ya'yansa shiga. Kawu ya ce a kai shi. Muka ɗora shi da kekensa a mota, hanya duk rami, na ce Kawu wannan tafiya za ta tayar maka da gyambo, ya ce in yi ɗinkina in bar masa ɗuwawunsa. Da muka isa ya sa aka yaye labule. Mutumin ya juya fuska bango.

"Wa kak kashe?" in ji Kawu.

"Ban kashe kowa ba, Malam."

"Mi kas sata?"

"Ban saci komi ba."

"To wane alƙali yad ɗaure ka cikin ɗakin ga?"

Mutumin ya fashe da kuka. Kawu ya bar shi ya yi, sannan ya ɗora ledarsa kusa da tasa ya ce, "Tawa ta hi taka haske, ba ka shan ruwa." A ranar aka fito da shi ƙofar gida. Daga baya ya zama ɗan gida, yakan zo Aliero ranar kasuwa, kuma idan ya zo a ƙusar Kawu yake rataye tasa ledar, su biyu a ƙusa ɗaya, suna gardamar noman albasa.

Zazzaɓi ne ya ɗauke Kawu, aka ce ciwon ya hau ƙoda. Ko da jiki ya yi nauyi bai yarda a mayar da shi ƙurya ba. A zaure ya cika, da hantsi, kansa a cinyar ƙanensa.

Ran sadakar uku an cika ƙofar gida, ni ina zaune ina ta cin rai a kan ƙusa. Ana cikin addu'a sai ga a-kori-kura ta tsaya. Mai shayin Maiyama ya fara saukowa da sandarsa, sannan aka shiga sauke kekuna. Manomin Andarai ne ya tattaro su, daga Maiyama, daga Jega, daga ƙauyukan da ban ma san Kawu ya san kowa a can ba. Akwai mace ɗaya, aka wuce da ita wurin Inna. Ba wanda ya rufe ledarsa a cikinsu. Dattijon nan na Jega, mai cewa mun huta, ya raɗa wa Ƙaramin Kawu cewa a shimfiɗa musu can gefe, gindin bishiya, saboda jama'a. Na yunƙura zan yi magana, amma manomin Andarai ya riga ya tura kekensa har cikin zaure, inda ya saba. Ya zaro ledarsa ya miƙa hannu bango, ya lalubi wurin, bai ji komai ba.

"Ina ƙusar Malam?"

Ƙaramin Kawu ya tashi, ya shiga zaure, ya durƙusa a gefen da bai taɓa zama ba. Ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya fito da ita. Ashe tana jikinsa tun ranar.

"Ni nic cire ta," ya ce. "Kullum in na dube ta da leda, hannuna nika gani, ran da munka ja shi. Na zaci shi na abin da ba ni iya kallo. Sai da nig gan ta babu komi, sannan nis san wanga ya hi wancan ciwo."

Ya ɗauki dutsen da ake daka magani, ya mayar da ƙusar raminta, ya buga har ta zauna. Ya karɓi ledar daga hannun manomin, da hannunsa, ya rataye. Sannan ya leƙo waje ya ce wa sauran, "Ku shigo ciki. Nan na wurinku."

Allah ka ga bawanka da ka jarraba da abin da mutane ke ɓoyewa, bai ɓuya ba. Ka yafe masa, ka wanke shi tas, ka tashe shi a kan ƙafafunsa. Ka ba Inna ladan hannuwanta. Masu cewa ya huta kuma, Allah ya ba su ladan zuwa, amma su sani Kawu bai taɓa neman hutu a wurin kowa ba, wurin zamansa ya nema, kuma ya ƙwace shi.

Da zan koma Jega da yamma, Ƙaramin Kawu ya biyo ni har bakin hanya. Bai taɓa kirana da sunan nan ba sai ranar.

"Mai Almakashi, in za ka dawo, taho man da ƙusoshi. Guda ba ta isa."